Salaga, Kasuwar Gwanja Da Fatake Suka Raya

Daga Tamale, babban birnin arewacin Ghana, mota kan miƙa kudu maso gabas ta ratsa gonakin doya da itatuwan kaɗanya, tafiyar kimanin kilomita 120, kafin ta sauke mutum a Salaga. Wanda bai san labarin garin ba, abin da zai fara gani shi ne tasha da 'yan babur, da mata masu koko da ƙosai, da tulin doya ana jiran motar da za ta kwashe zuwa kudu. Ƙaramin gari ne, hedikwatar Gwanja ta Gabas a jihar Savannah, wadda aka ɓalle daga tsohuwar Jihar Arewa a 2019. Amma da zarar baƙo Bahaushe ya buɗe baki ya tambayi hanya, da Hausa za a amsa masa. In ya ƙara tambaya, zai ji akwai Unguwar Malam, akwai Unguwar Alhaji, akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, akwai Rafin Angulu. Ƙasar ta Gwanjawa ce, sarautar ma tasu ce, amma waɗannan sunaye fatake ne suka bar su.

Wannan ita ce Gwanjar da kakanni suke ambata. Idan tsoho a Kano ko Katsina ya ce wane ya tafi Gwanja, a ƙarni na 19, kusan kullum Salaga yake nufi.

Alaƙar ƙasar Hausa da wannan yanki ta girmi garin kansa. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ce a zamanin Sarauniya Amina ne goro ya fara yawa a ƙasar Hausa, har ya ambaci goro 10,000 da Sarkin Nupe ya aika mata. Ya kuma ce Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki wajen 1438 zuwa 1452, shi ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A can kuwa, mahaya dawaki 'yan asalin ƙasar Mande ne suka kafa daular Gwanja a ƙarni na 16, kuma Gwanjawa har yau suna jingina sarautarsu ga Ndewura Jakpa, jarumin da suka ce ya raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa. Ɗaya daga cikin waɗannan rabe-rabe shi ne Kpembe, wanda Salaga ke ƙarƙashinsa. Kafin Salaga ta yi suna, a Buipe da Kafaba, a bakin kogin Volta, ake haɗuwa a ci kasuwa.

Abin da ya ɗaga Salaga abu biyu ne. Na farko, Asante, waɗanda fatake ke kira Tonawa, sun ci Gwanja da Dagomba da yaƙi a zamanin Sarki Opoku Ware, a cikin shekarun 1730 da na 1740. Goron da Bahaushe ke so, mai tsagi biyu, a kurmin Asante yake fita, ba ya yi a Gwanja. Sarakunan Kumasi kuma ba sa son baƙin 'yan kasuwa su kutsa cikin kurmi su sayi goro a gindin bishiya. Sai suka tsayar da su a bakin iyaka: Tonawa su ɗauko goro a ka su haye Volta da shi, fatake su jira su a Salaga. 'Yan kasuwar fada su ke fara sayar da nasu kafin a ba talakawa dama. Na biyu, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ya haifar da daula mai faɗi da birane masu jama'a, inda giya haramun ce, taba ma malamai na ƙyamarta, goro kuwa halal ne. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗa suna, da shi ake gaida malami da basarake. Kasuwa ta buɗe, Salaga ta cika. Baturen Ingila Bowdich, da ya je Kumasi a 1817, ya riga ya ji ana ambaton Salaga a matsayin babbar kasuwar arewa.

Tafiyar kuwa ba ta rago ba ce. Ayari kan tashi da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ya bi ta Zariya ko Sakkwato ya haye Kwara a wajen Yawuri ko Illo, ya shiga ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya ɓulla Sansanne Mango ko Yendi, sannan ya gangara Salaga. Zuwa kaɗai kan ci wata biyu zuwa uku, zuwa da dawowa kuwa wani lokaci sai a shekara. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke shawarar inda za a kwana da inda za a ratse. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Uban dawaki shi ke riga kowa isa gari ya daidaita da sarki a kan kuɗin fito da wurin sauka. Akwai malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi, akwai makaɗa, akwai mata da yawa, waɗansu suna girki suna sayarwa a zango, waɗansu da kaya a ka kamar kowa. Bature matafiyi Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, dabbobin ma kusan haka. Yawan nan shi ne garkuwarsu, domin dajin Bargu ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi, kuma kowane ƙaramin sarki a hanya yana jiran rabonsa.

Manyan masu wannan fatauci sun fito ne daga zuriya uku: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Suna tafiya da kanwa, da turkuɗi da baƙin rini na Kura, da jar fata da takalma da linzami, da tozali, da busasshiyar albasa, da dawaki da jakuna da shanu. Ba sa riƙe kayan har Salaga duka. Suna saye suna sayarwa a kowace kasuwa da suka yada zango, kaya na juyewa, riba na hawa. In sun isa, kowa yana da mai gidansa, fatoman da zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa in ciniki ya rikice, ya ɗauki la'adarsa. Da wuri ake lissafi, goro kuma ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari.

Wahalar gaske a dawowa take. Goro ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya son ruwa ya yi masa yawa. Ana jera shi a cikin huhu, a lulluɓe da ɗanyen ganye mai faɗi, a ɗaure tamau. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance, an zauna a inuwa an bi shi ɗaya-ɗaya: wanda ya fara baƙi a cire, wanda sankara ta kama a jefar tun bai shafi 'yan'uwansa ba, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a sake ɗaurewa. Haka za a yi ta yi har Kano. Falke ɗaya da ya yi sakaci na mako guda zai iya isa gida da ruɓaɓɓen kaya bayan shekara yana kan hanya. Shi ya sa Bature matafiyi Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya rubuta cewa kayan goro na jakuna sama da 500 ke shiga birnin kowace shekara, kuma kayan jaki ɗaya, in ya iso lafiya, yana kai wuri 200,000. Wannan sharaɗi na "in ya iso lafiya" shi ne dukan sana'ar.

Sai dai ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba, kuma mai ziyara ba zai daɗe a garin ba sai an kai shi inda zai gani da idonsa. A tsakiyar gari akwai filin tsohuwar kasuwar bayi. Mutanen gari za su nuna inda tsohuwar kuka take, wadda ake ɗaure mutane a gindinta. Ta faɗi tuni, an dasa wata a madadinta. Ana ajiye da mari da sarƙoƙi da sauran ƙarafan ɗauri, waɗansu a hannun tsofaffin gidajen garin. Akwai marin da zobensa ƙarami ne ƙwarai, wanda idon sawun babban mutum ba zai shiga ba. Wanda ya riƙe shi a hannu ba ya bukatar a gaya masa ƙafar wa aka ƙera wa.

A bayan gari kuma rijiyoyi ne birjik, ramuka masu ƙunƙuntar baki da aka fafe cikin marmara, waɗansu sun cike da ƙasa, waɗansu ciyawa ta rufe, waɗansu har yanzu ana ɗiba. Saboda yawansu ake yi wa Salaga kirari da gari mai rijiya dubu. Garin ba shi da kogi a kusa, da rani ruwa sayensa ake yi, ga dubban baƙi da dabbobinsu. Bayi ne suka haƙa mafi yawan rijiyoyin. A Wankan Bayi ake tsayar da waɗanda aka koro daga nesa, a yi masu wanka, a shafe su da man kaɗanya, a ba su abinci don su yi kyan gani kafin a shiga da su kasuwa. Waɗanda tafiya ta kashe, ko ciwo ya kayar, Rafin Angulu ake kai gawarsu a yar.

Daga ina ake kawo su? Tun bayan da Asante ta ci arewa, Gwanja da Dagomba suna biyan gandu da mutane, su kuma sai su kai hari kan ƙananan ƙabilun da ba su da manyan sarakuna. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, amma hakan bai rufe kasuwar Salaga ba, domin gonakin Asante da haƙar zinariya da dakon goro duk suna cin mutane. Daga shekarun 1860 kuma sai Zabarmawa suka shigo, mahaya daga ƙasar da take cikin Nijar a yau. Sun zo Dagomba da sayar da dawaki da aikin sojan haya, suka ƙare da kafa rundunar kansu a ƙasar Gurunsi, ƙarƙashin Alfa Hano, sannan Gazari, sannan Babatu. Ƙauyukan da suka watsa ba su ƙirguwa, kuma da yawa daga kamammun a Salaga aka sayar da su.

A nan ya kamata Bahaushe mai karatu ya tsaya. An saba ba da labarin fataucin Gwanja a matsayin labarin juriya da wayon kasuwa, kuma haka ne. Amma fataken nan sun sayi bayi, sun ɗora masu huhun goro, sun sayar da waɗansu a hanya, dillalai da fatomai kuma sun ci la'ada a kan ɗan Adam kamar yadda suka ci a kan kanwa. Da Hausa aka yi wannan ciniki, shi ya sa wuraren suke da sunayen Hausa. Jikokin waɗanda aka sayar da jikokin waɗanda suka saya duk suna nan a garin, suna sallah a sahu ɗaya, kuma zancen asali abu ne da ake taka-tsantsan da shi. Baƙo mai hankali zai saurari abin da aka gaya masa, ba zai tsare wani da tambayar ko kakansa wane ne ba.

Faɗuwar garin ta faro ne daga nesa. A watan Fabrairu na 1874 sojan Ingila ƙarƙashin Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya iso arewa, Gwanjawa suka ga dama ta samu, suka yi tawaye, aka kashe Tonawan da ke zaune a Salaga. 'Yanci ya samu, amma goro ya yanke. Asante ta karkatar da kayanta zuwa Kintampo, Atebubu ma ta ja nata rabon, fatake kuwa inda goro yake nan suke bi. Turawan da suka biyo baya, Bonnat Bafaranshe a 1876, da Binger a 1888, da Bajamushe von François a wannan shekarar, sun tarar da gari mai gidaje fiye da mazaunansa. Wani Bajamushen, Krause, wanda Hausawa suka raɗa wa Malam Musa, ya zauna a yankin shekaru yana kasuwanci yana tattara rubuce-rubucen Hausa. A 1888 Ingila da Jamus suka amince su bar Salaga da kewayenta a matsayin yankin da ba na kowa ba a cikinsu, yarjejeniyar da ta tsaya har 1899.

Abin da ya ƙarasa garin daga cikin gida ya fito. Kpembe tana nan kusa, tafiyar 'yan kilomita kaɗan, har mai ƙarfin ƙafa yana iya takawa. Tun asali haka tsarin yake: sarauta a Kpembe, kasuwa da malamai da baƙi a Salaga. Sarkin Kpembe a kan fata yake zama, ba a kan karaga ba, kuma gidaje uku ne ke karɓa-karɓar sarautar: Lepo da Singbung da Kanyase. Mutanen Kanyase sun daɗe suna ganin an mayar da su saniyar ware. A ƙarshen 1892 jagoransu, Kabachewura Isifa, ya nemo taimakon mayaƙan Nanumba da Dagomba, ya auka wa Sarki Napo na gidan Lepo. Napo ya gudu, mayaƙa suka shiga Salaga suka washe ta, wuta ta ci gidaje. 'Yan kasuwa da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Accra. Zangunan Ghana da yawa sun ƙaru da mutanen Salaga a wannan lokaci, kuma har yau akwai kasuwa a tsohon garin Accra mai suna Salaga. Wani ɗan sarautar Gwanja, J. A. Braimah, tare da masani Jack Goody, sun fitar da littafi a kan wannan yaƙi a 1967.

Mai ziyara da ya je Kpembe yau zai tarar da ƙauye mai natsuwa da fadar sarki. Ba a faɗa wa fada kai-tsaye: ana neman mai iso, a cire takalmi, a durƙusa, a miƙa goron gaisuwa. In an dace da watan Mauludi, lokacin bikin Damba, za a ga hawan dawaki da rawar manyan riguna saƙi, da makaɗan da ke jero sunayen sarakunan da suka shuɗe.

Cikin waɗanda yaƙin 1892 ya tarwatsa akwai mutumin da ya fi kowa cancantar Hausawa su san shi, Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda ake kira Umaru Salaga ko Umaru Karaki. An haife shi a Kano a 1858, danginsa Kabawa ne, ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato, ya bi ayarin fatake kamar mahaifinsa. Tun yana saurayi, a 1877, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa, abin da kowane madugu ke bukata. Ya zauna a Salaga yana koyarwa, ya ga rushewarta da idonsa, ya kuma rubuta doguwar waƙa da Larabci a kan abin da ya faru, inda bai ɓoye fushinsa ga waɗanda suka jawo fitinar ba. Daga baya ya kafu a Kete-Krachi ya zama limami. A can ya haɗu da jami'in Jamus Adam Mischlich, ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da bayanin sana'o'i da al'adu da ajami, Mischlich kuma ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Waƙoƙin Alhaji Umaru na Hausa, irin ta talauci da wadata da ta zuwan Nasara, suna cikin mafi ƙarfin abin da aka rubuta da harshen a wancan zamani. Ya tafi hajji a 1913, ya dawo a 1918, ya rasu a 1934. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya gama karatun Hausa a sakandare bai taɓa jin sunansa ba, alhali almajiransa sun cika zangunan Ghana da Togo.

Hanyar ƙasa ta Gwanja ba ta sake farfaɗowa ba. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi daga Sekondi a 1903, na Legas kuma ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin teku: daga kurmi zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa Legas a jirgin ruwa, daga nan zuwa Kano a tarago, tafiyar watanni ta koma ta makonni. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, ya san tsohuwar hanyar tun yana yaro, kuma yana cikin waɗanda suka fara gane cewa zamanin jaki ya wuce. Ta teku ya riƙa aiko da goro kafin ya juya ga gyaɗa. Daga baya manoman ƙasar Yarabawa suka dasa irin goron Gwanja a gonakinsu, Shagamu da makwabtanta suka zama sabuwar matattara. Turawan Ingila kuma sun mayar da hedikwatar arewa Tamale a 1907, babbar hanyar mota daga baya ta bi ta Kintampo da Buipe, ta bar Salaga a gefe.

Wanda ke da kwana biyu ko uku a hannu yana da wuraren da zai ƙara. Kudu da Salaga akwai Makango, inda ake shiga jirgin fito a haye tafkin Volta zuwa Yeji. A nan wajen ne masu dakon goro ke hayewa a da, lokacin kogi ne mai gaɓa biyu da ake hango juna. Arewa maso gabas akwai Yendi, fadar Ya Na sarkin Dagomba, inda Babatu ya ƙare rayuwarsa bayan Faransawa da Ingilishi sun karya rundunarsa a ƙarshen shekarun 1890. Kabarinsa yana nan, zuriyarsa suna ajiye da kayan yaƙinsa. Masallacin ƙasa na Larabanga da gandun dajin Mole su ma a ƙasar Gwanja suke, amma can yamma ne, sai an koma ta Tamale.

Kete-Krachi kuwa, garin da Alhaji Umaru ya zauna ba shi ne wanda ake gani yanzu ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafki ya taso ya haɗiye tsohon garin da zangonsa, aka tashi mutane zuwa tudu. Abin da ya tsira shi ne takardu. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, da ƙoƙarin masani Ivor Wilks da malaman zango da suka yi aiki tare da shi, ta bi gidajen malamai a Salaga da Kpembe da Kete-Krachi da Yendi tana aron littattafai tana ɗaukar hotonsu tana mayar wa masu su. A cikinsu akwai Kitabu Gunja, tarihin sarakunan Gwanja da aka tsara wajen 1751, akwai labarin Salaga da yaƙinta da Larabci da ajamin Hausa, akwai waƙoƙin Alhaji Umaru da wasiƙun fatake. Mafi yawan abin da aka buga daga cikinsu da Turanci ko Jamusanci aka buga shi, kuma masu iya karanta ajamin ba tare da tafinta ba suna Kano da Sakkwato da Damagaram da zangon Kumasi.